Mariƙin Sandar Yaya

A bayan ginin da 'yan wasa ke zaman shan lemo a filin golf akwai wani ɗaki dogo mai taga ɗaya, inda ake jera jakunkunan sanduna. Warin kananzir da na jiƙaƙƙiyar ciyawa da na tsohuwar fata ba ya barin ɗakin ko an wuni da ƙofa a buɗe. A cikinsa Mai Buroshi ya tsufa. Sunan da kowa ke kiransa da shi ke nan, har manyan da ake buɗe wa ƙofar mota, don ba ka taɓa ganinsa babu ɗan buroshi soke a aljihun gaba, yadda ma'aikatan ofis ke soke biro.

Aikin nasa ba mai wuyar faɗa ba ne. In an tashi wasa a kawo masa jaka, ya zare sandunan, ya tsoma kawunansu a ruwa mai ɗumi da sabulu. Mai ɗumi fa, ba mai zafi ba, don ruwan zafi na sassauta gam ɗin da ya haɗa kai da jiki, kana cikin bugu sai kan ya yi gaba ya bar ka da ƙarfe a hannu. Ya bi tsagin da ke fuskar kowace sanda da buroshi har ƙasar da ta maƙale ta fita, ya goge da tawul, ya jingine su su sha iska. Sanda ba ta komawa jaka da danshi, wanda ya yi haka tsatsa ya kira da kansa. In kuma mariƙi ya sule, wato robar ko fatar da ke saman sanda inda hannu ke kamawa, ya yanke ya sa sabo. Babban mutum zai yafe maka abubuwa da yawa, amma ban da sanda ta kuɓuce masa a gaban abokai.

Wansa, uwa ɗaya uba ɗaya, shi ne Koci, mai koyar da bugu a filin. Tare suka fara da ɗaukar jakar mutane suna samari, sai Allah ya raba musu hannu, na babban ya iya bugu, na ƙaramin ya iya gyara. Ba su taɓa faɗa a kan gado ba, ba su taɓa yi a kan mata ba. Rigimarsu ɗaya ce, ta sanda mai lamba bakwai da Koci ke koyarwa da ita. Sauran sandunan jakarsa duk sun bi zamani, ita kaɗai ya bari da mariƙin fata irin na da. Fatar ta yi baƙi, ta yi ƙyalli don gumi, gefenta ya fara tashi. Daidai inda babban yatsansa na dama ke zama ta loma ciki, ta yi ɗan gurbi kamar an dangwala yatsa a ƙullu.

Duk ranar da jakar ta shigo ɗakin sai an yi.

"Yaya, wannan fatar ta rasu tun ba a haifi Auta ba. Bari in yi mata sutura mu huta."

"Ka fara gyara haƙoranka tukuna, ka zo mu yi magana."

"Mutane na kallonka fa. Ƙaninka mai gyara, kai kana yawo da tsumma."

"Su kalla, ai idonsu ne. Wanke kan kawai, malam. Ka taɓa mini saman nan, sai na sa ka haɗiye buroshin nan naka."

Sai a yi dariya, Mai Buroshi ya wanke kan, ya mayar da sandar yana tsaki.

Wata safiya Koci na tsaye yana gyara wa wata baiwar Allah tsayuwarta, sai ya zauna a ciyawa kamar wanda aka ture. Kafin a kai shi asibiti ɓarin jikinsa na dama ya shanye. Da aka sallamo shi, bakin ya karkace, ƙafar tana ja, hannun kuwa yana kwance a cinyarsa kamar ba nasa ba. Mutumin da a da ba ka gama jimla bai datse ka ba, kalma biyu suka rage masa a duniya, "to" da "kai".

Matarsa ta daɗe da rasuwa, manyan 'ya'yan suna nesa, sai waya. Auta ce ta baro gidan mijinta ta dawo ɗakin ubanta. Ita ke ba shi abinci a baki, ita ke goge masa haɓa, ita ke yi masa abin da ba a faɗa. Hannun hagun yana motsi, amma rawa yake, cokali ba ya isa baki sai ya zube a riga. Duk sanda ta zo da kwanon ruwa da tawul, sai ya rufe ido hawaye na bin gefen fuskarsa. Ba ciwon ne ke sa shi kuka ba, kowa ya san haka.

Likitan gashin ƙashi da ke zuwa gida bai ɓoye musu ba.

"Ƙafar za ta ɗan dawo," in ji shi. "Hannun nan ne abin ji. In ya fara kama abu yanzu-yanzu, akwai rabon ya riƙe cokali, ya yi wa kansa tsarki. In aka bar shi haka, jijiyoyin za su tattare, yatsun su dunƙule. In suka dunƙule kuwa, shi ke nan."

Ya bar musu ƙwallon roba mai laushi a riƙa sa masa a tafi. Ana sawa yana gangarowa ƙarƙashin gado. Aka gwada cokali, aka gwada murfin kwalba, aka gwada hannun Auta. Yatsun ko gezau.

Ana nan sai aka ɗauki sabon mai koyarwa a filin, aka ce ana bukatar wurin jakar Koci. Mai Buroshi ya karɓi jakar. Ya wanke sandunan tas, ya saɓa jakar a kafaɗa kamar lokacin samartaka, ya kawo ta gida ya jingine kusa da taga.

"Baffa, a nan za ka ajiye?" in ji Auta. "Ganinta ba zai ƙara masa baƙin ciki ba?"

"To ina zan kai ta, 'yar nan? Ɗakina ko tabarma da ƙyar take shimfiɗuwa."

Ta zo jan jakar gefe, sai mai lamba bakwai ta sarƙe da labule. Ta zare ta, ta rasa inda za ta ajiye, ta ɗora a cinyar uban don ta gyara labulen. Da ta juyo sai ta daskare.

Hannun ne ke motsi. A hankali, kamar kunkuru na fitowa daga ɓawo, babban yatsan ya ja kansa bisa fatar, ya yi sama, ya dawo, ya faɗa cikin gurbin nan. Yana faɗawa sauran yatsun suka biyo, suka naɗe sandar.

"Baffa! Baffa, dubi!"

Koci na kallon hannun nasa kamar baƙon da ya daɗe bai gani ba. Ya ce, "To."

Auta ta zauna a ƙasa tana kuka da dariya. Mai Buroshi ya fita tsakar gida ya tsaya yana fyace hanci, wai ƙura ce.

Da likitan ya zo ya gani, ya ce, "Ku manta da ƙwallon. Wannan za ku riƙa ba shi, safe da yamma. Hannun ya san ta. Daga nan za mu ja shi zuwa cokali."

Haka aka yi. Kullum sai yatsan ya nemi gurbinsa ya samu. Kwanaki kaɗan ya fara ɗaga kan sandar daga ƙasa, ko da kamu ɗaya ne. Auta ta koma tsokanarsa.

"Baba, a hankali, kar ka fasa mana fitila. Ba mu da wata."

"Kai," in ji shi, gefen bakinsa mai rai yana murmushi.

Amma akwai abin da Auta ba ta gani ba, ƙanin ya gani. Duk sanda Koci ya ɗaga sandar, takan zame kaɗan a tafinsa, wani lokaci ta kuɓuce ta bugi siminti. Fatar ta yi santsi, ba ta da sauran kamu. Mai Buroshi ya san maganin wannan kamar yadda ya san hanyar gidansa. Tsofaffi nawa masu sanyin ƙashi ya sa wa mariƙi mai kauri, mai laushi, mai ɗan danƙo, suka dawo suna shi masa albarka? Hannu mara ƙarfi roba mai kauri yake so. Duk mai gyaran da ka tambaya a duniya haka zai ce maka, kuma bai yi ƙarya ba.

Ranar da abin ya faru ruwan wanka ne ya fantsamu a sandar, Mai Buroshi ya ga ɗigon tsatsa a wuyanta. Koci na barcin rana.

"Bari in kai ta in goge, kafin ya tashi na dawo," ya ce wa Auta.

"Kar ka daɗe, Baffa. Yana farkawa ita yake nema, ni ko oho."

Da niyyar gogewa ya tafi, Allah ya sani. Ya cire tsatsar, ya shafa mai, ya ɗaga sandar a hasken taga. Sai fatar nan ta tsaya masa a ido. Ya juya ta, ya murza da yatsa, ya ji santsin. Ya tuna ƙarar faɗuwarta a siminti da yadda fuskar wansa ke canzawa in ta faɗi. Ya ce a ransa, da taurin kai ne, yanzu magani ake nema. Ya buɗe akwatinsa ya zaɓi mariƙin da ya fi kowane kyau, wanda ya ɓoye bai sa wa kowa ba.

Ya matse sandar a ƙarfen matsewa, ya ɗauko wuƙarsa mai lanƙwasa. Ja ɗaya ya yi daga ƙasa zuwa sama. Fatar ba ta ma warware ba, marmashewa ta yi, ta zube guntu-guntu cikin bokitin da yake jefa tsummokaran kananzir. Ya kankare tsohon gam, ya naɗa sabon tef, ya jiƙa shi, ya zura robar a tura ɗaya, ya daidaita ta da fuskar sanda yana kanne ido. Bai taɓa aikin da ya kai wannan kyau ba. Yana jiran ta bushe mai shara ya leƙo ya ɗauki bokitin kamar kullum, suka gaisa.

Ya shigo gida yana riƙe da ita a baya kamar mai kawo wa yaro tsaraba. Koci ya farka, Auta ta jingina shi da filo.

"Yaya, yau kam na yi maganinka. In ta sake faɗuwa ka canza mini suna."

Ya ɗora masa ita a cinya.

Yatsan ya taso kamar yadda ya saba. Ya ja kansa bisa robar, ya yi sama, ya dawo. Ya sake yin sama. Ya karkata gefe, ya dawo, ya tsaya yana ɗan rawa. Sauran yatsun suna jiransa, ba su motsa ba. Can sai hannun ya saki jiki ya kwanta a buɗe, sandar ta mirgina ta faɗi, robar ko ƙara ba ta yi ba.

Koci ya ɗago ya dubi ƙaninsa. Ya daɗe yana dubansa.

"Kai," ya ce a hankali. Ya juya fuska bango.

Auta ta ɗauki sandar ta juya ta. "Baffa, ina fatar?"

"Ai ta mutu, 'yar nan. Wannan ta fi kamu, taɓa ki ji. Sabo ne kawai, zai saba."

"Baffa, ina ka sa fatar?"

Mai Buroshi ya juya. Ya fita ko takalmi bai gama sawa ba.

A ƙarshen filin, bayan rumbun injin yankan ciyawa, akwai ramin da ake ƙona shara. Ya iske mai shara na tsaye da sanda yana juya wuta.

"A'a, Mai Buroshi, da gudu haka? Amarya ce ta gudu?"

"Bokitina. Ina ka zuba?"

"Da shi na kunna wutar ma. Tsummanka ai ya fi ashana, Allah ya ƙara maka kananzir."

Mai Buroshi ya durƙusa a bakin ramin yana tona toka da hannu. Mai shara ya daina dariya, ya riƙe masa kafaɗa.

"Baba, za ka ƙone. Me ya faɗa ciki? Zobe ne?"

"Fata ce."

"Fata? Ta me?"

Mai Buroshi ya bar tonon. Ya tashi da baƙin hannu ya koma ɗakin jakunkuna.

Bai haƙura nan da nan ba. Ya tono wata tsohuwar sanda da aka manta da ita a lungu, ya warware fatarta a hankali, ya yanke sabuwar robar nan ba tare da ya dube ta ba, ya naɗa fatar. Ya rufe ido yana tuno inda gurbin yake, ya sa samfefa ya ci wurin kaɗan-kaɗan, ya shafa mai, ya murza da yatsansa har yatsan ya yi kanta. Yana tafiya tana hannunsa, yana cin abinci tana cinyarsa. Masu ɗaukar jaka suka fara cewa tsoho ya shiga gasa.

Da ya kawo ta, Auta ce ta karɓa, don tun ranar Koci bai ƙara duban ƙaninsa ba.

"Baba, ga ta an mayar da fata. Gwada mana, don Allah. Don ni."

Don ita ya bari aka ɗora. Yatsan ya motsa, ya sami gurbin, ya shiga. Mai Buroshi na tsaye a bakin ƙofa yana kallo. Yatsan ya ɗan juya ciki kamar mai gwada takalmin wani, ya fito. Gurbin da shekaru suka haƙa da gumin mutum ɗaya, ba a haƙa shi da samfefa. Wanda ke jikin wannan fatar na ƙanin ne.

Ya koma ya matsar da shi sama kaɗan. Ya sake wata fatar ya matsar ƙasa. A karo na gaba yatsan ko tasowa bai yi ba.

Likitan ya yi iya ƙoƙarinsa, ya ja, ya murza, ya kawo wasu abubuwan riƙo masu launi.

"Wataƙila ba fatar ba ce kaɗai," ya ce wa Mai Buroshi a waje, don ya ga yadda ya rame. "Irin wannan ciwon yakan yi gaba ya yi baya."

"Likita, na gode. Amma ni na ga yatsan yana nema."



Kafin damina ta wuce yatsun suka fara lanƙwashewa. Ɗan ƙaramin ya fara, sauran suka bi, babban ya shige ciki suka rufe shi. Hannun ya kama a ƙarshe, amma babu komai a cikinsa, kuma ba ya buɗewa sai an ɓanɓare.

Mijin Auta mutumin kirki ne, ya yi haƙuri har haƙurin ya fara zama abin magana. Yaranta ma sun fara kiran maƙwabciya mama. Ranar da za ta koma ta tsaya a tsakar gida da jakarta, ta dubi ƙanin ubanta. Ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, har ranar.

"Baffa, ba ya son ruwa da zafi sosai. In za ka juya shi ta hagu za ka fara. Hannun kuma kullum sai an buɗe an wanke ciki, in ba haka ba yana wari, fatar tafin tana saɓulewa."

"Na ji."

"A busar da shi sosai. Kar a bar danshi."

"Na sani, 'yar nan. Wannan kam na sani."

 Ta shiga ta durƙusa gaban uban, ta fito tana share ido da gefen mayafi.

Mai Buroshi ya mayar da mabuɗin ɗakin jakunkuna ya tattaro tabarmarsa ya dawo ɗakin wansa. A filin an ɗauki wani, an ce yana da injin wanki mai feshi, sanduna na fitowa suna walƙiya.

Yanzu kullum da hantsi yakan haɗa ruwa a roba, ya gwada ɗuminsa da gwiwar hannu, ya zauna a bakin gado. Ya ɗauki dunƙulallen hannun ya ɗora a cinyarsa, ya ɓanɓare yatsun ɗaya bayan ɗaya, ƙashin na ƙara. Ya ciro buroshin daga aljihu, wani mai laushi da ya saya musamman, ya bi layukan tafin da sabulu, ya bi tsakanin yatsu, ya bi ƙarƙashin farce. Ya goge da tawul, ya riƙe hannun a buɗe yana hura masa iska har ya bushe. Yana saki yatsun su koma su rufe.

Jakar tana nan kusa da taga. Mai lamba bakwai na ciki, babu ɗigon tsatsa ko ɗaya a jikinta, don duk mako sai ya goge ta.

Wani lokaci yakan gwada tsokana, ko za a dace.

"Yaya, haƙoran nan fa har yanzu ban gyara ba. Jiya ma wani ya fita."

Koci na kallon bango.

"Ka ce sai na haɗiye buroshi. Ga shi nan, in kana so yanzu sai in haɗiye."



Ya ɗauko kwano ya ɗebo a cokali, ya hura, ya kai bakin wansa. Ya jira. 

"Yaya, buɗe. Ya huce."

"To," in ji Koci, bai dube shi ba. Ya buɗe baki.